Godiyar Tunau Masassaƙi

Tun zamanin da daji yake da masu shi, mutum bai isa ya ɗaga wa itace gatari ba sai ya yi masa sallama, an yi wani masassaƙi a Kwarin Ƙirya ana ce da shi Tunau. Turminsa ba ya tsagewa, akushinsa ba ya yoyo. Mutum ne mai tsadar magana, domin matarsa Tasalla ta kwashe maganar gidan gaba ɗaya. A haka suka tsufa tare.

Wata rana da rani suka shiga daji, shi neman gungumen turmi, ita tsintar itacen girki. Ta zura hannu ƙarƙashin wani kututture, sai kububuwa ta sare ta. Kafin Tunau ya yar da gatari ya iso, ta faɗi kusa da ƙwaryar ruwansu, bakinta na kumfa, idanunta sun rufe. Ya ɗaga murya yana kiran agaji, ba kowa sai itatuwa.

Sai iska ta tsaya cik. Tsuntsaye suka yi tsit. Tunau ya ga ƙafafu a gabansa, dogaye, farare kamar alli, da mundayen jan ƙarfe, ba su ko taɓa ƙasa ba. Ya ga gefen baƙin saƙi da gindin wata sanda mai gaɓa-gaɓa. To shi tarbiyyar mutanen da ce da shi, ba irin ta yanzu da yaro ke ƙura wa kakansa ido ba. Ba a kallon babba a fuska. Ya durƙusa, ya kafa idonsa a ƙasa.

Wata murya ta ce, "Ɗan Adam, me ya sa kake cika mini daji da kururuwa?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, matata ce maciji ya sara."

Ta ce, "Na gani. Numfashinta ya kai bakin ƙofa. Ni ce Magajiyar Birnin Dushe, zan ara mata daga nawa. Amma ka ji dokar ƙasarmu kafin ka ce to. A wurinmu alheri ba ya zama sai an ɗaure shi da godiya, godiyar kuma ba ta baki ba. Abin da hannunka ya yi shi za ka kawo, ka sa a hannuna, kafin gawon da ke tsakar fadata ya zubar da ganyensa na ƙarshe. In ka makara, numfashina ya dawo gida, matarka ta tafi inda za ta."

Tunau ya ce, "Na ji, na yarda. Amma ina hanyar?"

"Ka riƙa sassaƙa kana tafe. Ɓarɓashin zai wuce gabanka."

Iska ta kaɗa, ƙafafun suka ɓace. Tasalla ta yi atishawa, ta tashi zaune, ta ce, "Maigida, wa ya watsar mini da itace?"

Da suka koma gida ya kwashe labari ya faɗa mata. Kowa ya san gawo ba kamar sauran itatuwa ba ne, da damina yake tuɓe ganye, saboda haka wa'adinsu saukar ruwan farko ne. Tunau ya zauna a tsakar gida yana juya gumaguma.

Ya ce, "Turmi zan yi mata."

Tasalla ta ce, "Ka taɓa jin aljana na surfe?"

"To kujera."

"Wadda ka ce ƙafarta ba ta taɓa ƙasa? Me za ta yi da wurin zama? Maigida, raina fa ake magana, ba gudunmawar biki ba."

Ya ci gaba da juya gumaguma har inuwa ta karkata. Can ya buga cinya ya ce, "Ƙwaryar ruwa! Magajiya na tsaye a kan ƙwaryar, ni kuwa idona na ƙasa. Na ga sama a cikin ruwan, na ga reshe, ita ban gan ta ba. Wadda ruwa ba ya nunawa ba ta taɓa ganin kanta ba. Ita zan sassaƙa mata!"

Kada wani mai saurin baki ya ce gunki. Tunau mai salla ne, ya san Allah ne ya raya matarsa, Magajiya sanadi ce kawai. 'Yar tsana zai yi irin wadda ake yi wa yara, sai dai wannan da rai a rataye a jikinta.

Ya ɗauko zuciyar kanya, baƙa wuluk, guntuwar da ba ta fi tafin hannu ba. Ya fitar da ƙafafu da mundayensu, ya fitar da saƙin da sandar. Da ya hau wuya, sai hannunsa ya tsaya.

Tasalla ta ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Ban san fuskarta ba."

"Ba ka san me ba?"

"Ban kalle ta ba."

Tasalla ta tafa hannu ta riƙe haɓa. "Ni idona a rufe yake, mutuwa nake yi, ina da uzuri. Kai da naka biyu a buɗe, ƙasa ka zauna kallo? Wane abu ne a ƙasar da ba ka taɓa gani ba?"

Ya ce, "Ba a kallon babba."

"To ga ladabi nan zai kai ni kushewa."

Zafin bazara ya shigo, gajimare ya fara leƙowa daga gabas. Tasalla ta fara haki in ta ɗauki tulu. Tunau ya ce tafiya ta kama, ko da fuska ko babu. Ya rataya gatari da gizago, ya soke 'yar wuƙarsa, ya ce ta zauna ta jira. Ta ce ai ranta ne, ba za ta aika shi saƙo ba. Ta ɗaura ɗamara ta bi bayansa.

A bakin daji ya kankare bayan 'yar tsanar. Ɓarɓashin bai faɗi ƙasa ba, sai ya tashi kamar fara ya yi gaba. Suka bi shi da sauri, ya ratsa su ta ƙaya, ya kai su ga wani dutse mai tsaga, suka kutsa a karkace. Da suka fito ɗaya gefen, ga wata ƙasa da samanta kore ne shar, rana na dukan mutum amma ba abin da yake da inuwa.

Ƙishi ya kama su. Can suka hango wata rumfa da randa, da wata ƙatuwar mace mai ɗankwali kamar kwando. A gefen hanya ga mutane tsaye birjik, sun sandare kamar turaku, kowa da moɗa a hannu. Tunau na cikin duban mutanen nan, matar ta ce, "Maraba da baƙi! Sannunku da rana. Ga ruwa."

Tasalla tun da aka haife ta ba ta taɓa mayar wa mai masauki ruwa ba. Ta karɓa ta shanye.

Matar ta bushe da dariya har rumfa ta girgiza. Ta ce, "Ya ke 'yar Adam, kin sha alherina. Me hannunki zai ba ni? Waɗannan da kike gani duk na gode suka ce mini."

Tasalla ta ji ƙafafunta sun fara ƙagewa daga yatsu. Tunau ya zaro gizago ya ce shi zai yi mata moɗa sabuwa. Matar ta ce, "Kai ka sha? Wadda ta sha ita za ta biya."

Tasalla ta ce, "Na iya kitso."

Matar ta daina dariya. Ta warware ɗankwali a hankali. Gashinta ba gashi ba ne, 'yan siraran macizai ne, sun cukurkuɗe, suna saran juna. Ta ce, "Tun ina budurwa rabona da barci mai daɗi. Ba wadda ta yarda ta taɓa."

Tasalla, wadda shatin haƙorin kububuwa ke hannunta har lokacin, ta yi salati. Sanƙarewar ta kai gwiwa. Tunau ya fere mata kibiyar kitso nan take, ta karɓa, ta ce wa matar, "Zauna nan, Yaya, miƙo kan."

Wani maciji ya fasa kai ya yo kanta. Ta ƙwala masa kibiya a tsakar ka. "Kai, tafi can! Marar kunya! Uwarka na zaune kana rashin ɗa'a?" Macijin ya lanƙwashe. Da ta ga haka sai ta saki jiki, ta shiga tsaga tana kamawa, tana zaginsu kamar jikokinta, wanda ya yi gardama ta murɗe masa wuya ta cusa shi cikin layi. Ta tattara su duka ta yi shuku, wutsiyoyi a sama.

Matar ta shafa kanta da hannu biyu, ta sake shafawa, ta lumshe ido. Ta ce, "Sun yi shiru. Ku wuce, 'yan Adam. Amma ku kama bakinku. A ƙasar nan ko hanya aka ce a nuna muku kyauta, ku ce kun sani."

Ƙafafun Tasalla suka sake. Suna barin wurin Tunau ya ce, "Da kin tambaye ni."

Ta ce, "Kai da ka tambayi fuskar?"

Ɓarɓashi ya ja su cikin wani fili da suri ya cika, kowane suri ya fi ganuwa tsawo. Ƙasa ta fara motsi ƙarƙashinsu. Gara ce, ba iyaka, ta kewaye su ko'ina. Wani suri ya tsage, aka fito da Sarkin Gara a kan bayan bayinsa, fari fat, girmansa ya kai na bijimi, kitse na rawa a jikinsa.

Ya ce, "Ya kai mai gatari, ƙamshin kanya nake ji. Ka sani duk mataccen itacen da ya shigo nan rabonmu ne, tun ran da aka halicci haƙori. Ajiye."

Tunau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba tawa ba ce. Godiyar Magajiya ce."

"Magajiya na mulkin sama da ƙasa, mu muna mulkin ƙarƙashi. Ajiye, ko mu fara ta takalmanku."

Tunau ya dubi gatarinsa. Ƙotar ta mahaifinsa ce, hannun uba da na ɗa sun goge ta har tana sheƙi. Ya ce, "Kanya ɗanya ce a bakin babba irinka, ba ta da gishiri. Ga ƙotar da ta sha gumin mahaifina har ya mutu, ta sha nawa har na yi furfura. Ka taɓa cin itace mai gishiri?"

Sarkin Gara ya miƙo ƙahonninsa ya sansana. Miyau ya zubo masa. Ya ce, "Da ta gizagon."

"Da ta gizagon."

Tunau ya fizge ƙotocin ya wurga can nesa. Rundunar ta juya kamar ambaliya, har suka kayar da sarkinsu garin wawaso. Tasalla ta cusa 'yar tsanar cikin ɗankwalinta ta ce, "Maigida, ƙafa!" Suka zura da gudu, ƙasa na ruftawa a bayansu, gara na hawa ƙafafunsu suna kaɗewa. Ba su tsaya ba sai da suka taka dutse. Ƙarfen gatari da na gizago can suka bar su. 'Yar wuƙa kaɗai ta rage wa Tunau.

Daga nan abin al'ajabi sai wanda suka manta. Suka ratsa kasuwar da tuwo ke bin mutum yana roƙon a ci shi, suka toshe baki da hanci. Suka iske kogin da ke gudu zuwa kan tudu, wani kada mai rawani ya ce su hau bayansa ba ko sisi, Tunau ya ce sun fi son jiƙewa. A tsakiyar kogin ne numfashin Tasalla ya fara yankewa. Ta ce, "Ganyen na zuba, ina jinsa a ƙirjina." Tunau ya sunkuya ya goya ta.

Ta ce a kunnensa, "In mutanen Kwarin Ƙirya suka ga wannan, mun shiga waƙar 'yan mata."

Ya ce, "Riƙe wuyana, ki bar maganar."

Da suka hau tudun, ga Birnin Dushe. Ba abin da ke ƙyalli a cikinsa, ko tsinin mashi, ko idon rijiya. A ƙofa ga wani tsohon aljani, wuyansa ya fi na raƙumi tsawo, shi ne Sarkin Ƙofa. Ya sauko da kansa har ƙasa ya dube su.

Ya ce, "Ku su wane ne, me kuka kawo?"

"Tunau masassaƙi ne, bawan Allah, da matarsa. Godiya muka kawo wa Magajiya."

"Kun zo a ƙurarren lokaci. Ku dubi gabas."

Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, yana tafe yana gurnani. Sarkin Ƙofa ya wuce gaba, Tunau na biye da gudu-gudu har tsakar fada. Ga gawon nan, rassansa sun rufe rabin birni, amma duk ƙaya ce tsirara, ganye sai ɗan abin da ba a rasa ba a reshen ƙoli. A gindinsa aljanu sun yi sahu. Magajiya na tsaye, an sakaya fuskarta da baƙin mayafi.

Tunau ya kwantar da Tasalla, ya ciro 'yar tsanar, ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu. Magajiya ba ta karɓa ba. Ta sunkuyo tana dubawa.

Ta ce, "Ƙafafuna ne. Sandata ce, har gaɓar da ta tsage. Ya kai masassaƙi, hannunka na da gaskiya. Amma ina fuskar?"

"Ranki ya daɗe, ban ɗaga kai ba ran nan."

Fada ta ɗauki guna-guni. Sarkin Ƙofa ya daka tsawa ya ce, "Kyautar da ba a gama ba zagi ce! Ka zo ka ce wa Magajiya ba ta da fuska?"

Tunau ya ce, "Ku da kuke ganinta kullum, ku siffanta mini, yanzu in fitar."

Nan fa suka ɓarke. Wannan ya ce ta fi wata. Wancan ya ce goshinta asuba ne, idonta tafkin da ba a san zurfinsa ba. Wani ya ce in ta yi murmushi duwatsu na haihuwa. Tunau ya riƙe wuƙa yana jira, har ya gaji.

Ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri, ba a sassaƙa kirari. Hancin dogo ne ko gajere?"

Ba aljanin da zai iya cewa hancin Magajiya kaza ne a gabanta.

Magajiya ta ce, "Ladabinka ne ya cece ka ran nan, shi ne kuma ya kawo ka nan da aiki rabi. Ka sani fuskata ba ta kallon ɗan Adam ba ce. Idon da ya gan ta ya gama gani har abada. Doka kuwa ba ni na kafa ta ba, ba ni da ikon karya ta. Abin da ba a gama ba, hannuna ba ya karɓa."

Iskar hadari ta iso, ta kwashi ganye ta watsa. Tasalla ta ja numfashi da ƙyar, ta kamo gefen rigar Tunau.

Ta ce, "Maigida, kar ka soma. Na ci zamanina. Masassaƙi ba ido, me ya rage?"

Ya ce, "Tasalla, tun da aka kawo ki gidana kike magana ina ji. Yau dai bari in yi tawa."

Ya warware rawaninsa, ya naɗe idonsa na dama, ya zagaya ya sake zagayawa, ya ɗaure tamau. Ya miƙe tsaye. Ya ce, "Ranki ya daɗe, kin ce idon da ya gan ki. Biyu Allah ya ba ni. Ga na hagu, na kashe shi a kanki. A gafarta mini rashin kunya."

Aljanu suka ja da baya. Magajiya ta ɗaga mayafin.

Tunau ya kalla. Bai ƙifta ba. Ya ji kamar an soka masa jan ƙarfe daga maƙera, hawaye na zuba, amma ya tsaya yana aunawa irin ta masu sana'a: faɗin goshi, inda hanci ya karya, girar hagu da ta ɗan fi ta dama tashi, wushirya, da wani ɗan lotsawa a haɓa. Yana kai wa haɓar, hasken ya ɗauke. Idon ya mutu.

Ya faɗi zaune, ya fizge rawani daga na dama, ya kama wuƙa.

Wanda bai taɓa aiki da ido ɗaya ba bai san wahalar ba. Wuƙa na sauka inda bai aike ta ba. Saran farko a babban yatsansa ya sauka, jini ya wanke itacen, ya goge da riga ya ci gaba. Ya daina dogara da ido, ya bar yatsunsa su yi masa jagora, yana ferewa yana shafawa. Goshi ya fito. Hanci ya fito. Tsawa ta fashe a kan birni, aljanu na ihu, "Ganye! Ganye!" Guda ɗaya ya rage a ƙoli, yana karkarwa. Tasalla ta saki rigarsa, hannunta ya faɗi ƙasa.

Bai waiwaya ba. Ya tsaga wushirya da tsinin wuƙa, ya lotsa haɓa, ya hure ɓarɓashin, ya yi tsalle kamar saurayi ya dangwara 'yar tsanar a tafin Magajiya.

Yatsunta suka rufe a kai. Ganyen ya tsinke.

Magajiya ta juya baya ga jama'a, ta kai 'yar tsanar ƙarƙashin mayafi. Aka daɗe. Sai aka ji wata murya wadda ba ta mulki ba, murya irin ta yarinyar da ta ɓata a kasuwa.

Ta ce, "Inna."

Kafaɗunta suka kama rawa. Ta ce, "Girar nan ta mahaifiyata ce. Haɓar nan tata ce. Sun sha gaya mini da ita nake kama, na ɗauka fadanci ne. Tun ran da ta tafi nake neman wanda zai tuna mini da fuskarta, ashe ina ɗauke da ita."

Sarkin Ƙofa ya naɗe dogon wuyansa ya ɓoye kai, shi ma kuka yake yi.

Tasalla ta yi wani dogon tari, ta tashi zaune. Ta dubi mijinta, ta ga idon hagu ya yi fari kamar toka. Karon farko a rayuwarta ta buɗe baki ba abin da ya fito.

Magajiya ta ce, "Godiya ta iso, alheri ya zauna. Numfashin ya zama nata har ranar da Mai shi zai kira. Idonka kuwa, abin da fuskata ta ci ba ya dawowa, ko ni ban isa ba. Amma ba za a ce an kawo mini irin wannan na sallami mutum hannu wofi ba. Sarkin Ƙofa, a kawo tukuici! Raƙuma da kayansu, da gatarin da ba ya dakushewa, da..."

Tunau ya zube ƙasa ya ɗaga hannu biyu. "A'a! A'a, ranki ya daɗe! Don girman Allah a bar shi!"

"Kana mayar mini da kyauta?"

"In na karɓa, sai na sake kawo godiya, ko ba haka dokar take ba? Ido ɗaya fa ya rage mini!"

Wani ƙaramin sauti ya fito daga ƙarƙashin mayafin. Sai ya girma. Magajiya ta yi dariya har ta dafa gawo, fada duka ta ɗauka, Sarkin Ƙofa na dariya wuyansa na kaɗawa kamar igiya.

Ta ce, "To ko rakiya a yi muku zuwa gida."

Tasalla ta samu bakinta ta ce, "Ita ma alheri ce, ranki ya daɗe. Mun san hanya."

"Hanyar gara? Da mijin da ba shi da sauran ƙota?" in ji Magajiya. Sa'an nan ta buga sandarta, ta murtuke murya ta ce, "Ku saurara, jama'ar Dushe! Wannan mutum ya kalli Magajiya a fuska, ya kuma ƙi kyautarta a bainar jama'a. Hukuncinsa kora. A jefar da shi da matarsa waje, can nesa, har tsakar gidansu. Kora dai ba wanda ya taɓa yi mata godiya."

Guguwa ta sauko ta sure su. Suka ga birni ya koma kamar faifai, suka ga kogi da surin gara sun wuce ƙarƙashinsu, Tasalla na ihu tana riƙe da ɗankwali. Ba su ankara ba sai ga su tim a kan tarin ɓarɓashi a tsakar gidansu, ruwan farko na sauka a kansu kamar da bakin ƙwarya.

Tunau ya ci gaba da sassaƙa har ƙarshen ransa, sai dai bakin akushinsa ya riƙa ɗan karkacewa, masu saye kuma ba su fasa ba. Abu ɗaya ne ya canza wanda ya dami gari. Tasalla ba ta sake tafiya a bayan mijinta ba. Ko kasuwa za su, ko gaisuwar mutuwa, tana nan kafaɗa da kafaɗa da shi ta hagu, tana cewa, "Rami, Maigida. Akuya, Maigida. Ga liman nan tafe, gyara hularka."

Tsofaffin mata suka tare ta a bakin rijiya suka ce wannan wace irin fitsara ce, mace ta jera da miji a titi.

Ta sauke guga ta dube su ta ce, "A wurin da idon yake, nan nake tsayawa. Wadda mijinta ya taɓa kashe mata ko da farce, ta zo ta koya mini tafiya."

Nan labarin Tunau ya tsaya, mai kunne ya ɗauki rabonsa.